Malamin Koyar da Nau'in Jirgi a Jiragen Jet na Alfarma

Malamin koyar da nau'in jirgi, wanda matuƙa ke taƙaitawa da TRI, matuƙin jirgin sama ne da hukumar sufurin jirage ta ba izinin horar da 'yan'uwansa matuƙa a kan samfurin jirgi guda. Lasisin tuƙi kaɗai ba ya ba mutum damar tuƙa kowane jet, sai an rubuta masa sunan samfurin a cikin lasisin bayan horo da jarrabawa. Kyaftin ɗin da ya goge a kan Gulfstream G650 ba shi da ikon ɗaga Falcon 7X sai ya koma aji. Takardar malamin ma haka take, a ɗaure take da samfurin da aka rubuta a jikinta.

Tarihi

Koyar da tuƙi a ƙasa ya girmi jiragen jet. Wajen 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin kwaikwayon tashi a Amurka, wanda aka horar da ɗimbin matuƙa da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai matuƙan jiragen kamfanoni da na attajirai sun daɗe ba su da tsarin horo irin na manyan kamfanonin jigilar fasinja. Wannan giɓin ne Albert Ueltschi ya hango. Shi matuƙin kamfanin jiragen sama na Pan Am ne, kuma shi ke tuƙa shugaban kamfanin, Juan Trippe. A 1951 ya kafa kamfanin horar da matuƙa na FlightSafety a filin jirgin LaGuardia da ke New York domin irin waɗannan matuƙa. Kafin nan, a 1947, an riga an kafa kamfanin CAE a Montreal ta Kanada, wanda daga baya ya zama babban mai ƙera simileta, wato na'urorin kwaikwayon tashin jirgi.

Da jiragen jet na alfarma suka fito, buƙatar ta ƙaru. Lockheed JetStar ya fara tashi a 1957, HS.125 na Ingila a 1962, Learjet 23 da Falcon 20 na Faransa a 1963, Gulfstream II a 1966, sai Citation na Cessna a 1969. Jirage ne masu gudu da nisan hawa, yawancin waɗanda suka karɓe su kuwa daga jiragen farfela suka fito. A Turai an fara haɗa dokokin lasisi wuri guda wajen ƙarshen shekarun 1990, sannan Tarayyar Turai ta fitar da doka mai lamba 1178/2011, wadda ta fara aiki a Afrilun 2012 ƙarƙashin EASA, hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Turai. Birtaniya ta fice daga EASA a ƙarshen 2020, kuma tun daga lokacin takardunta daban suke.

Sharuɗɗan shiga

A tsarin EASA, mai neman zama malami a jirgin matuƙa biyu, irin su Challenger 605 ko Global 6000, dole ya riƙe lasisin CPL (na tuƙin kasuwanci), MPL (na tuƙi tare da wani matuƙi) ko ATPL (mafi girma, na manyan jiragen jigila), ya kuma tara awa 1,500 a jiragen matuƙa biyu. A cikin wata 12 kafin ya nema, sai ya yi zango 30 a kan samfurin, da tashi da sauka, a matsayin kyaftin ko mataimaki. Ana yarda 15 daga ciki su kasance a simileta.

Wannan sharaɗi na zango shi ya fi kayar da matuƙan jiragen alfarma. Mai aiki a kamfanin fasinja zai iya cika zango 30 cikin 'yan makonni, amma jirgin attajiri kan yi kwanaki a ajiye, idan ya tashi kuma tafiya ce doguwa guda. Watanni na shuɗewa, tsofaffin zangunan na faɗuwa daga lissafi, har mutum ya samu gurbin kwas ya tarar adadinsa bai kai ba.

Ƙananan jet da matuƙi ɗaya ke iya tuƙawa, kamar Phenom 300 da jerin Citation CJ, sharaɗinsu ya fi sauƙi: awa 500, da awa 30 a ciki a matsayin kyaftin a kan samfurin, kuma zangunan nasa duka a kujerar kyaftin.

Abin da kwas ya ƙunsa

Kashi uku ne. Na farko awa 25 na dabarun koyarwa, wanda ake yafe wa wanda ya taɓa riƙe takardar malanta. Na biyu awa 10 na ilimin jirgin kansa, da tsara darasi da iya tsayuwa gaban aji. Na uku koyarwa a aikace, awa 10 ga jirgin matuƙa biyu, awa 5 ga na matuƙi ɗaya. Daga nan sai gwajin ƙwarewa a gaban mai jarrabawa.

A simileta malami ba ya zama a kujerar tuƙi. Yana bayan matuƙan biyu, gaban allon da yake saita nauyin jirgi, iska, hazo da lalacewar na'urori. Misali, zai kashe injin dama daidai lokacin da jirgi ya kai gudun V1, inda tsayawa ta wuce sai dai a tashi, ya zuba ido a kan ƙafar ɗalibi: ya taka feda ya riƙe hancin jirgi a tsakiyar titi, ko ya bari ya karkace? Kurakuran sababbin malamai sanannu ne. Wani ya tara matsala uku a lokaci guda, ɗalibi ya rikice bai koyi ko ɗaya ba. Wani ya yi ta magana ana tsakiyar sauka. Wani hankalinsa na kan allo har abin da ya kamata ya gani ya wuce shi. Mafi yawa kuma su mayar da bitar bayan darasi lacca, maimakon su yi tambaya su bar matuƙan su gano inda suka kauce. Mai jarrabawa ba tuƙin ɗan takara yake aunawa ba, domin wannan an riga an tabbatar. Yadda yake lura da gyara yake dubawa.

Wanda duk horonsa a simileta ya yi, takardarsa kan fito da iyaka: a simileta kaɗai zai koyar. Koyarwa a jirgi na gaske, musamman atisayen sauka da sake tashi nan take, tana buƙatar ƙarin horo, domin a nan babu maɓallin dakatarwa, kuma dole malami ya san daƙiƙar da zai karɓe tuƙi.

Inda ake samun horon

Makarantar da hukuma ta amince da ita ce kaɗai ke da ikon gudanar da kwas ɗin, kuma amincewar tana bin samfuri. Simileta mai darajar D, wato mafi girman daraja, mai motsi ta fuskoki shida, tana da tsada ƙwarai, don haka wasu samfuran na'urorinsu kaɗan ne a duniya. FlightSafety na da cibiyoyi a Farnborough, Le Bourget ta Faris, Savannah da Wichita. CAE na da nasa a Burgess Hill, Dallas, Montreal da Dubai, kuma a 2019 ya sayi sashen horar da matuƙan jiragen alfarma na Bombardier.

Kafin biyan kuɗi ana tabbatar da abu uku: makarantar tana da izinin kwas ɗin malanta a kan wannan samfurin, ba na tuƙinsa kaɗai ba, simileta ɗin tana da shaidar hukumar da ta ba mutum lasisi, akwai kuma mai jarrabawa da hukumar za ta karɓi sa hannunsa. Galibi kamfanin da matuƙi ke wa aiki, ko cibiyar da za ta ɗauke shi malami, su ke biya. Ana saɓani kan yarjejeniyar ɗaure ma'aikaci na wasu shekaru a madadin kuɗin.

Amurka da Najeriya

Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ba ta da takarda mai suna TRI. Malamai na samun izini ta cibiyoyin horo ƙarƙashin sashe na 142 na dokokinta, ko ta kamfanonin haya ƙarƙashin sashe na 135. A Najeriya hukumar sufurin jiragen sama, NCAA, ke ba da lasisi, kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, na horar da matuƙa, amma masu tuƙa jiragen alfarma galibi ƙasashen waje suke zuwa don simileta.

Sabuntawa

Takardar EASA shekara uku take yi. Ana sabunta ta da biyu daga cikin uku: koyarwa a shekarar ƙarshe, kwas ɗin tunatarwa, ko gwajin ƙwarewa, wanda ba a tsallake shi sau biyu a jere. Ƙara wani samfuri na buƙatar zango 15 a kansa cikin wata 12, har 7 daga ciki a simileta.