In ƙaramin jirgi ya faɗi: abin da doka ta tanada, da dalilin da ya sa tarkacensa ba na tsinta ba ne

Duk wanda ya zauna a Mando ko Kawo ya san ƙarar nan ta safe. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya ya taso daga sansanin sojojin sama, ya zagayo, ya sauka, ya sake tashi, ɗalibi da malaminsa suna ta maimaita darasi. Mutanen Zariya ma sun saba da irinta, tunda kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tana garinsu tun 1964. Mun saba har ba ma ɗaga kai.

Amma Kaduna ta ga ranakun da ɗaga kai ya zama dole. Ranar 29 ga Agusta 2015 jirgin soja ƙirar Dornier 228 ya faɗa kan wani gida a barikin Ribadu jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 7 da ke ciki suka rasu. Ranar Juma'a 21 ga Mayu 2021 jirgi ƙirar King Air 350 ya faɗi kusa da filin jirgin saman Kaduna cikin mummunan yanayi, Babban Hafsan Sojojin Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum 10 suka riga mu gidan gaskiya. A Afrilun 2022 kuma jirgin koyo ƙirar Super Mushshak ya faɗi, matuƙa biyu suka rasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi.

Kowane lokaci irin wannan ya faru, maganar da nake ji a majalisarmu ɗaya ce: kwana ne ya ƙare. Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa ce mini, "Ɗana, bincike ai ba ya ta da matacce." Na ce, "Haka ne Baba, amma yakan hana a yi wata jana'izar." Na yarda da ƙaddara kamar yadda ya yarda, sai dai mu ne aka koya wa ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Dokar binciken hatsarin jirgi, in ka tuɓe mata Turancinta, neman igiyar da ta tsinke take yi don a gyara ta na gaba.

Tushenta yarjejeniyar Chicago ce ta 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Rataye na 13 na yarjejeniyar shi ne ya tsara yadda ake binciken hatsari, kuma ya faɗi manufarsa ba kwana-kwana: hana aukuwar wani hatsarin kawai, ba ɗora wa wani laifi ko nemo wanda zai biya ba. A Najeriya dokar sufurin jiragen sama ta 2006 ta kafa hukumar bincike mai suna AIB. A 2022 aka yi sabuwar doka ta mayar da ita NSIB, aka haɗa mata har da hatsarin jirgin ƙasa da na ruwa. An ware ta da gangan daga NCAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. NCAA ce ke ba da lasisi da sa ido a kan kamfanoni, to wani lokaci sakacin nata ne, kuma ba a sa mutum ya yi wa kansa alƙalanci.

Mutane da yawa suna jin haushin wannan batu na rashin ɗora laifi, suna ganin rufa-rufa ce. Ni ina ganin nan hikimar dokar take. Bakaniken da ya manta bai ɗaure wani noti ba, in ya san maganarsa za ta kai shi kurkuku, shiru zai yi. Matuƙin da ya tsira zai ce injin ne. Ma'aikacin hasumiya zai ce bai ji ba. Kowa ya kare kansa, gaskiya ta bi ruwa, wani jirgin mai irin wannan matsalar ya tashi gobe. Shi ya sa aka ba da kariya ga bayanan shaidu da muryoyin da aka naɗa a ɗakin matuƙa, ba a sakinsu don wata manufa sai hukumar da ke da iko ta auna ta ga dole. Dokar 2006 ma ta fito ƙarara cewa rahoton binciken ba zai zama hujjar ɗora alhaki a kotu ba. Wannan bai rufe ƙofar shari'a ba. 'Yan sanda na iya nasu binciken, NCAA na iya ƙwace lasisi, iyalai na iya zuwa kotu, kowa da hanyarsa.

Ba kowace tangarɗa ce hatsari a idon doka ba. Ana kiran abu hatsari in ya faru tsakanin lokacin da mutum ya shiga jirgi da niyyar tashi zuwa lokacin da kowa ya sauka, kuma wani ya rasu ko ya ji mummunan rauni, ko jirgin ya yi lalacewar da ta taɓa ƙarfinsa ko yadda yake tashi, ko ya ɓace. Wanda ya cika cikin kwana 30 saboda raunin, ana lissafa shi cikin waɗanda hatsarin ya kashe. Mummunan rauni kuwa ya haɗa da kwanciyar asibiti fiye da awa 48 da karayar ƙashi, ban da 'yar karayar yatsa ko hanci. Sai kuma abin da ake kira babban lamari, wato saura ƙiris, kamar jirage biyu su kusa gwabzawa a sama. Shi ma ana bincikensa, don tsakaninsa da hatsari sakamako ne kawai ya bambanta.

Akwai abin da ya kamata mutanen Kaduna su sani musamman. Hatsarori ukun da na ambata duk na jiragen soja ne, haka ma jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa da Gwamna Patrick Yakowa ya rasu a cikinsa a Bayelsa ranar 15 ga Disamba 2012. Yarjejeniyar Chicago ba ta hau kan jiragen soja da na kwastam da na 'yan sanda ba. Sojoji ke binciken nasu, sai in sun gayyaci hukumar farar hula ta taimaka, kamar yadda aka gayyaci AIB a 2021, ita kuma ta miƙa abin da ta gano ga rundunar sojin sama. Wajibcin wallafa rahoto ga jama'a na jiragen farar hula ne. A ganina jirgin da ya faɗo kusa da gidajen mutane, ko na wane ne, mutanen wurin suna da haƙƙin jin dalili.

To yaya ake gano dalilin? A babban jirgin fasinja akwai na'urorin nan biyu da ake kira baƙin akwati, ko da yake launinsu ruwan lemo ne, ɗaya na naɗar murya ɗaya na naɗar bayanan tafiya, kuma hukumar tana da ɗakin karanta su a Abuja. Yawancin ƙananan jirage masu injin fistan ba su da ko ɗaya, doka ba ta tilasta musu ba. Saboda haka tarkacen shi ne shaida. Yadda farfela ta lanƙwashe yana nuna ko injin yana ba da ƙarfi lokacin da jirgin ya bugi ƙasa ko ya riga ya mutu. Allurar agogon gudu takan bar tabo a daidai inda take lokacin bugun. Siririyar wayar cikin ƙwan fitilar gargaɗi, in tana da zafi, miƙewa take yi, in a kashe take sai ta karye, daga nan a san ko fitilar tana kunne. Inda makunnin mai yake fuskanta, zurfin ramin da jirgin ya tona, reshen bishiyar da fiffike ya sare, ɗan man da ya rage a bututu, duka magana suke yi ga wanda ya iya ji.

Yanzu ka tuna abin da muke yi in abu ya faɗi. Kafin jami'ai su iso an cika wurin, ana tattake sawu, wani ya ɗauki guntun ƙarfe ya kai gida abin tunawa, wani ya hango kilo nawa zai yi a wurin 'yan gwangwan. Doka ta hana taɓa tarkace ko gusar da shi ba da izinin mai bincike ba, sai don ceton rai, kashe wuta ko kawar da wani haɗarin, kuma hana mai bincike aikinsa laifi ne. Ceton rai yana gaba da komai, wannan babu gardama. Amma da zarar an fitar da mutane, a ja baya. Wurin ma ba lafiya ba ne: ga mai a zube, ga hayaƙin kayan da ke cutar da huhu, jirgin soja kuma yana iya ɗauke da abin fashewa. Wanda ya ga faɗuwar da idonsa, ko ya ji injin yana tari kafin ya yi shiru, ko ya ɗauki bidiyon jirgin yana sama, ya kai wa masu bincike. Hotunan gawarwaki kuwa, don Allah a daina yaɗa su a WhatsApp. Akwai uwar da ba a riga an gaya mata ba.

Abubuwan da ke kayar da ƙananan jirage sanannu ne, kuma kusan kowanne akwai ƙa'idar da aka kafa a kansa. Na farko a ƙasarmu shi ne yanayi. Tuƙi iri biyu ne: na gani da ido, da na dogaro da na'urori, wanda ke da horo da shaidarsa daban. Mai tuƙin ido, a ƙa'idar gama-gari, yana bukatar ya hangi aƙalla kilomita 5 kuma ya nisanci gajimare. Ka auna wannan da hazon Disamba da Janairu, ranar da daga gadar Kawo ba ka ganin ƙarshen titi. Matuƙin da bai ƙware da na'ura ba in ya kutsa cikin hazo ko duhu, kunnensa na ciki, wanda ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko a karkace, sai ya yaudare shi. Jirgin na karkata yana gangarawa, shi kuwa jikinsa na ce masa daidai yake tafiya. Farkon damina kuma ga hadari mai tasowa da yamma, wanda iskarsa ke dannowa ƙasa da ƙarfin da ƙaramin inji ba zai iya ja da shi ba.

Misalin da ya fi zama a raina shi ne na Gwamnan Taraba Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Zariya. Ranar 25 ga Oktoba 2012 ya tuƙa Cessna 208 daga Jalingo ya faɗi kusa da Yola. Ya tsira da rauni a ƙwaƙwalwa, bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu a 2017. Rahoton AIB ya nuna ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgin, kuma tafiyar ta tuƙin ido ta kai bayan faɗuwar rana. Lasisin tuƙi ba hula ba ce da za ta shiga kowane kai. Lasisin mai tuƙa kansa ana samunsa da awa 40 na tashi, na sana'a yana neman ninkin haka sau da yawa, kuma manyan nau'o'in jirgi kowanne da ƙarin horonsa. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne, in mai jirgin shi ne matuƙi kuma shi ne mai gida, wa zai ce masa ranka ya daɗe a bari sai gobe?

Sai mai. In ka taɓa tsayawa kusa da ɗalibi yana duba jirgi kafin tashi, za ka ga ya durƙusa ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi mai haske, ya tsiyayo mai ya ɗaga shi sama yana kallo. Man jirgin fistan shuɗi-shuɗi ne, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, in akwai sai ya kwanta a gindin kofin kamar ƙwallon gilashi. Wannan ɗan ruwan ya isa ya kashe inji daidai lokacin tashi. Ƙa'ida kuma ta ce mai tuƙin ido ya tanadi rarar man minti 30 da rana, minti 45 da dare, bayan wanda zai kai shi inda za shi.

Nauyi da zafi su ma tare suke aiki. Kaduna da Zariya sun haura mita 600 a kan teku, kuma iska in ta yi zafi sirancewa take yi, fiffike da farfela su rasa abin kamawa. Jirgin da ya tashi sumul da asubar hunturu, da azahar ɗin Afrilu zai cinye titi mai tsawo kafin ya ɗaga. A ƙara masa lodi, ko a tara kayan a baya, sai ya ɗaga hanci ya rasa gudu ya faɗo. Dabi'ar tasha ta "a matsa a ƙara mutum ɗaya" ba ta da wuri a nan.

Game da rahoto, ana fitar da na farko cikin kwana 30, bayanan da aka tattara ne kawai ba hukunci ba. Na ƙarshe ana so ya fito cikin wata 12, in bai samu ba hukuma ta yi wa jama'a bayanin inda aka kwana duk shekara a ranar da abin ya faru. Ƙasar da ta ƙera jirgin tana da damar turo wakili, Amurka ke nan in Cessna ne. Shawarwarin da ke ƙarshen rahoto su ne amfanin duk wahalar, sai dai mai bincike ba shi da sandar tilastawa, aiwatarwa na hannun NCAA da kamfanoni.

Diyya hanyarta daban, kuma iyali ba sai sun jira rahoto ba. Tun a dokar 2006 aka wajabta wa kamfanin da ya ɗauki fasinja ya ba da kuɗin gaggawa da bai gaza dala 30,000 ba cikin kwana 30, kafin a zo lissafin cikakkiyar diyya. Amma a lura: jirgin da aka yi wa izinin amfanin kai ba a yarda ya yi haya ba, kuma a 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu irin waɗannan jirage. In aka yi haya da shi ta bayan fage abu ya faru, kamfanin inshora na iya cewa ba da shi aka yi ba. Duk wanda zai yi shatar jirgi, na siyasa ne ko na ɗaukar mara lafiya, ya nemi ganin takardar izinin jigilar kasuwanci tukuna. Wanda kuma zai kai ƙara kan kamfanin jigila, wa'adinsa shekara 2 ne daga ranar da jirgin ya isa ko ya kamata ya isa, in ya wuce haƙƙin ya faɗi.