Shekara 40 zuwa 65: ga amsoshin nan, don Allah a karanta kafin a sake tambayata

Na daɗe ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam nan Sakkwato, kuma duk zangon da muka iso wanga babi na tsakiyar rayuwa tambayoyin ba su canzawa, ɗalibai su yi a aji, su koma gida su ba iyayensu labari, iyayen kuma su bugo waya da irin tasu. To ga su nan wuri guda.

Malam, su wa ake nufi da masu tsakiyar shekaru?

Daga 40 zuwa wajen 65. Kimantawa ce, ba doka ba.

Waye Erikson ɗin nan?

Erik Erikson masanin halayyar ɗan Adam ne, an haife shi a Jamus 1902, ya koma Amurka, ya mutu 1994. A littafinsa na 1950 ya kasa rayuwar mutum mataki 8, kowane da gwagwarmayarsa. Namu shi ne na 7.

Mi ake gwagwarmaya da shi a mataki na 7?

Kishin na baya a hannu guda, tsayawa cik a ɗayan. Wato ko dai hankalinka ya koma kan waɗanda za su zo bayanka, mi za ka miƙa musu, ko kuma ka zama ruwan kududdufi, ba shiga ba fita, kai da cikinka da ciwon gwiwarka kawai.

Je wurin dukawa ka gani da idonka. Akwai wani dattijo da nike kai wa gyaran jaka, jar fatar akuya yake aiki da ita, in yaronsa ya soka basilla a karkace ba ya karɓewa ya gyara da kansa duk da zai fi masa sauri, sai ya ce warware ka sake, yana kallon fatar tana lalacewa, fatar da da kuɗi ya saye ta. Asarar nan da ya yarda ya ɗauka don hannun yaro ya faɗa, ita ce abin da Erikson ke magana a kai.

Ina da ɗiya 14, ke nan na ci wanga mataki?

A'a Alhaji. Shi kansa Erikson ya ce haihuwa kaɗai ba ta isarwa. Ajin nawa ƙaraminsu yake? In sai ka tambayi uwarsa, to da sauranka. Kuma in cikin 14 ɗin akwai wanda ke yawo da kwano ba ka san inda ya kwana jiya ba, kar ka sake kawo mini maganar yawa.

Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, na faɗi ke nan?

Haba Hajiya, wa ya gaya miki? Kwantar da hankalinki. Wani masani John Kotre a 1984 ya nuna hanyar ba guda ba ce, akwai haihuwa, akwai reno, akwai koyar da sana'a, akwai miƙa ilimi da al'ada. Ɗiyar ƙanwarki da kika riƙa har kika aurar, matan unguwa da kika koya wa ɗinki, duk suna ciki. Nana Asma'u ta rasu 1864, yau in an ambace ta 'Yan Taru ake tunawa, wato ƙungiyar karatun mata da ta kafa, malamai mata (jaji) da ta horar suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, ba wanda ke tsayawa ƙidayar ɗiyan cikinta.

Wanga ba ilimin Turawa ba ne?

Buɗe Suratul Ahƙaf aya ta 15. An ambaci shekara 40 da sunanta, kuma cikin addu'ar har da roƙon a gyara wa mutum zuriyarsa. Ga hadisin Muslim na abubuwa 3 da ba su yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, ɗa nagari mai addu'a.

Rikicin tsakiyar rayuwa fa, dole kowa ya yi shi?

Ba dole ba. Wani masani Elliott Jaques ya fito da kalmar a 1965, binciken da aka yi daga baya ya nuna mafi yawan mutane ba su shiga wani rikici. Kar ka fake da shi ka kwashe kuɗin makarantar yara ka sai mota.

Malam shekarata 52, ina da shago a kasuwa, tsohuwata na hannuna da hawan jini, ɗiya 8 nawa, 3 na marigayi wana. Ba na jin daɗin komi, shagon ma tilas nike zuwa, yara su zo da magana in ji kamar su tashi su ba ni wuri. Tsayawa cik ɗin nan ce ta kama ni?

Ɗan'uwa, wagga ba zan ce maka e ko a'a daga nesa ba, don gajiya da ciwon damuwa da tsayawa cik duk fuskarsu guda in an hango su, maganinsu ne ya bambanta. Mutumin da ke ciyar da yara 11 da tsohuwa ni ba zan yi saurin ce masa ya tsaya ba, mai yiwuwa kaya ne suka yi wa jaki yawa, kana tsakiya ana ja ta sama ana ja ta ƙasa, ga tsadar nan. Amma kuma ba zan ɓoye maka ba, ana iya biyan kuɗin makaranta da na magani cif cif alhali zuciya ta daɗe da janyewa, wannan ma yana faruwa.

Fara da jiki. Je a auna maka jini da suga, a wanga shekaru su biyun suna kawo kasala da saurin fushi mutum bai sani ba. Sannan ka duba kanka da gaskiya, in ka samu kwana biyu na hutu, ka je ƙauye misali, daɗin abinci da hira yana dawowa? In yana dawowa, na fi zaton gajiya ce, kuma maganinta ka tara 'yan'uwa ku raba ɗawainiyar Inna, wanga ya ɗauki magani, waccan ta ɗauki kwana, kunyar faɗi ce ke kashe manyan gida. In kuwa ya kai sati 2 ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, barci ya lalace, ba ka son komi ko da an huta, balle in tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, to wannan ya wuce ajina, ka ga likita, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba nisa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka, don Allah a bar wagga magana. Ka yi addu'arka ka kuma sha maganinka.

In an duba duka ba a ga komi ba, sai mu yi maganar Erikson. Gwada ka ɗauki yaro guda ranar Asabar zuwa shago, ka ba shi littafin bashi ya riƙe, ka bar shi ya yi kuskure ka gyara ba tsawa. Ba lalle ɗan cikinka ba, wataƙila shi kwamfuta yake so, kar ka tilasta shi, mai yiwuwa ɗan marigayi wan naka ne mai son kasuwar ko yaron shagon da ya shekara 6 yana maka dako. Ba na ce lalle zai warware ba, na dai ga waɗanda ya farfaɗo da su, na ga waɗanda sai da aka haɗa da likita.

Mata fa, ɗaukewar al'ada na cikin wanga?

Lokacinsu guda, galibi tsakanin 45 da 55, amma wancan sauyin jiki ne. Zafin jiki da rashin barci a kai wa likita, a daina ce wa mace ta fiye faɗa.

Na kai 63, lokaci bai ƙure ba?

Bai ƙure ba Baba. Mi ka iya wanda ba kowa a gidan ya iya ba, awon gona, tarihin zuriya, dashen itace? Zaɓi guda, ka kira jika ka fara nuna masa wanga satin.