Faɗaɗar Mulkin Mallakar Birtaniya a Ƙasashen Ƙetare

Mulkin mallakar Birtaniya shi ne ikon da Ingila, daga baya kuma Birtaniya, ta shimfiɗa a ƙasashen ƙetare tun daga ƙarshen ƙarni na 16 har zuwa cikin ƙarni na 20. Wajen shekarar 1920, lokacin da daular ke ganiyarta, tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa, da mutane sama da miliyan 400. A wurare da dama 'yan kasuwa ne kan fara shiga da takardar izinin sarki, sannan gwamnati ta bi sawunsu da sojoji.

Mafari

Ingila ta makara, domin Sifaniya da Fotugal sun riga ta fita teku. A 1497 John Cabot ya tashi daga Bristol ya sauka a gaɓar Amurka ta Arewa, ana jin a Newfoundland ne. Zangon farko da ya ɗore shi ne Jamestown, wanda wani kamfani ya kafa a 1607, kuma noman taba ne ya tsayar da shi da ƙafafunsa. Waɗanda suka sauka Plymouth a 1620 kuwa saɓanin addini ne ya raba su da gida.

Rake da bayi

Dukiyar farko mai kauri daga tsibiran Karibiyan ta fito. Turawan Ingila sun zauna a Barbados a 1627, suka koma noman rake wajen shekarun 1640, suka ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniya a 1655. Rake aiki ne mai cin rai. Da an sare shi sai a kai shi wurin matsa kafin ya lalace, a tafasa ruwansa dare da rana, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne ke wannan aiki har ƙarfinsu ya ƙare. An ƙiyasta cewa jiragen Birtaniya sun ɗebi 'yan Afirka sama da miliyan 3. Majalisa ta haramta cinikin bayi a 1807, ta soke bautar a 1833, sai dai diyyar fam miliyan 20 da aka ware iyayen gijin bayi aka biya. Bayin ko sisi ba su samu ba.

Indiya

Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba Kamfanin East India izini a 1600, ya shafe fiye da ƙarni guda yana fataucin kayan yaji da yadi. Da daular Mugal mai mulkin Indiya ta yi rauni, kamfanin ya tara dakarunsa, akasarinsu 'yan ƙasa. A yaƙin Plassey na 1757, Robert Clive, jagoran dakarun kamfanin, ya kayar da mai mulkin Bengal bayan ya haɗa baki da babban kwamandan mai mulkin, Mir Jafar. A 1765 kamfanin ya karɓi ikon tara harajin Bengal, ya koma yana sayen kayan Indiya da kuɗin Indiyawa. Bayan boren 1857 gwamnati ta karɓi mulkin kai tsaye a 1858.

Tsare hanyar Indiya ya jawo mamaye wurare da yawa, ciki har da Kef a kudancin Afirka, da Aden a 1839, da Masar a 1882 saboda mashigin Suwez. A Sin kuwa, hana shigo da kayan maye na ofiyom ne ya haddasa yaƙin da ya sa Hong Kong ta faɗa hannun Birtaniya a 1842.

Afirka

An ƙwace Legas a 1861. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka, Kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami izini a 1886, ya mallake cinikin manja a Kogin Kwara. Gwamnati ta karɓe yankin ranar 1 ga Janairu 1900, ta sa arewacinsa ƙarƙashin Lugard. Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a cikin shekarar.

Dalilai

Riba ce kan gaba. Dokokin sufurin teku da aka fara a 1651 sun tilasta a ɗauki kayan yankunan mallaka a jiragen Ingila, daga baya kuma masaƙun Lancashire suka buƙaci auduga da kasuwa. Gasa da Faransa ta sa an kama wurare don kada abokiyar hamayya ta riga, kamar yadda Kanada ta koma hannun Birtaniya a 1763. Akwai kuma neman wurin kai fursunoni bayan Amurka ta ɓalle, abin da ya kai su Ostareliya a 1788. 'Yan mishan da ikirarin wayar da kai sun ba mamayar suna mai daɗin ji, jirgin ruwa mai tururi da maganin kwini da bindiga mai ruwa suka sauƙaƙa ta. Masana na saɓani kan ko tattalin arziki ko tsaro ne ya fi tasiri a rabon Afirka.

Rushewa

Indiya ta sami 'yanci a 1947, Gana a 1957, Najeriya a 1960. An mayar wa Sin da Hong Kong a 1997.