Tsadar fetur da dizal: rage haraji zai sauko da farashi a Najeriya?

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai, sai ka ji ana cewa ai a ƙasashen Turai gwamnati na rage haraji don jama'a su samu sauƙi, mu me ya hana a yi mana haka? Tambayar tana kan hanya, domin mai A Daidaita Sahu da mai injin niƙa da manomin rani duk sun ji jiki. Sai dai yadda ake haɗa farashin lita a Landan daban yake da yadda ake haɗa shi a Kano, kuma wanda bai san bambancin ba zai yi ta neman abin da ko an ba shi ba zai kashe masa ƙishi ba.

Daga ina wannan tsadar ta faro?

Daga abubuwa biyu da suka zo a jere cikin 'yan makonni. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ranar ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Kwana biyu bayan jawabin kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi: naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. A watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ta haye 700, a farkon 2024 ta wuce 1,500.

Na biyun nan ya fi na farko ciwo, ko da yake an fi yawan ambaton na farkon. Da dala ake cinikin ɗanyen mai a duniya, kuma ganga ɗaya lita 159 ce. A ƙaddara ganga tana dala 80. Kowace lita ta tashi kusan rabin dala tun ba a tace ta ba. Rabin dala a canjin 460 naira 230 ne, a canjin 1,500 kuwa naira 750 ne. Ba a sa kuɗin tacewa ba, ba a sa dako ba, ba a sa ribar dillali ba. Shi ya sa farashi ya ci gaba da hawa: naira 617 a Abuja a Yulin 2023, sai 897 a Satumban 2024, sai 1,030 a watan Oktoba.

Albashi bai bi shi ba. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 yana iya sayen sama da lita 150 a farkon 2023. Da aka mayar da shi naira 70,000 a 2024, a farashin Oktoban shekarar bai kai ya sayi lita 70 ba.

Dizal fa, shi ma tallafinsa aka cire?

A'a. Shi dizal an daɗe da sakinsa, shekaru da dama kafin fetur, don haka yana bin kasuwar duniya kai tsaye. Babban tashinsa ya zo ne a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren. Turai ta dogara da dizal ɗin Rasha, da aka shiga takunkumi sai kowa ya koma neman na wani wuri, farashi ya yi sama. A Najeriya lita ta tashi daga wajen naira 300 zuwa sama da 800 a cikin shekarar, sannan faɗuwar naira ta tura ta ta wuce 1,000.

Talaka da yawa ba ya sayen dizal da hannunsa, amma yana biyan kuɗinsa kullum. Tirelar da ta ɗauko masara daga Dawanau da shi take tafiya. Gidan burodi, kamfanin casar shinkafa, asibiti mai janareto, turakun layin waya, duk shi suke sha. Hatta tankar da ke kawo fetur, ita ma da dizal take gudu.

To nawa ne haraji a cikin kuɗin lita ɗaya?

Kaɗan ne ƙwarai, kuma nan ne gaɓar zancen. Harajin sayen kaya na VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, ba a ɗora shi a kan fetur da kananzir. A kan dizal an fara karɓarsa a 2023, amma a yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC a Oktoban shekarar aka dakatar da shi na wata shida. A Oktoban 2024 kuma Ministan Kuɗi Wale Edun ya sanar da cire VAT daga dizal da gas ɗin girki da iskar gas ta mota, wato CNG.

Abin da ya rage ƙananan kuɗaɗe ne na hukumomi: na hukumar tashoshin jiragen ruwa, na hukumar kula da sufurin teku, da kason da dokar man fetur ta 2021 ta ware wa hukumar NMDPRA mai sa ido kan rarraba mai da kuma asusun shimfiɗa kayan aikin gas, rabin kashi ɗaya cikin ɗari kowanne. Ko a yau aka yafe su duka, abin da zai sauka daga lita 'yan nairori ne, kuma ba lallai ya iso hannun mai saye ba. Mafi yawan kuɗin da kake miƙawa a gidan mai na ɗanyen mai ne da canjin dala, sai dako da riba.

Ba ina cewa kada a taɓa waɗannan kuɗaɗen ba ne. Duk kuɗin da hukuma ke karɓa da dala a kan man da aka tace a cikin gida ya cancanci a duba shi. Amma wanda ya ce maka da rage haraji zai mayar da lita naira 300, bai gaya maka gaskiya ba.

Me ya sa a wasu ƙasashen ake ragewa, kuma ake gani a ƙasa?

Domin su suna da abin ragewa. A Birtaniya haraji yana cin kusan rabin kuɗin lita: akwai harajin mai na musamman, sannan VAT na kashi 20 a samansa. A Maris ɗin 2022, Rishi Sunak, lokacin yana ministan kuɗi, ya rage kwabon Birtaniya 5 daga harajin, ya sauko daga 57.95 zuwa 52.95 a kan lita. Jamus ta yi ragi na wata uku, daga Yuni zuwa Agustan 2022, kusan santi 30 a kan fetur da santi 14 a kan dizal, da wa'adin ya cika farashi ya koma sama. Indiya ta rage sau biyu, a Nuwamban 2021 da Mayun 2022.

Ko a can ɗin ma ana jayayya. Ragin harajin mai ya fi amfanar wanda ya fi shan mai, wato mai motoci biyu ko uku, alhali giɓin da ya bari a baitulmali kowa ne ke cike shi. A ɗaya gefen kuma ƙara harajin yana tayar da ƙura: zanga-zangar masu rigunan ɗorawa a Faransa a 2018 daga ƙarin harajin mai ta samo asali, kuma Kenya ta fuskanci fushin jama'a a 2023 da ta ninka VAT ɗin mai daga kashi 8 zuwa 16.

Mu a nan shekara da shekaru akasin haka aka yi ta yi. Kafin a cire tallafi gwamnati ba ta karɓa a kan litar fetur, biya take yi.

Harajin kashi 5 da aka yi ta surutu a kansa fa?

Wannan ne wurin da ya kamata a sa ido. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025 ta ƙunshi ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal, ban da kananzir da gas ɗin girki da CNG. Asalinsa tsohuwar magana ce, tana cikin gyaran dokar hukumar gyaran tituna ta FERMA tun 2007, ba a dai taɓa aiwatar da ita ba. Da hankalin jama'a ya tashi a Satumban 2025, har TUC ta yi barazanar yajin aiki, Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin gyaran haraji na lokacin, da Ministan Kuɗi suka bayyana cewa ba zai fara aiki da kansa ba sai minista ya fitar da umarni a rubuce.

Hujjar masu goyon baya ita ce a samu kuɗin gyaran hanya, domin hanya mai kyau tana rage asarar mai da lalacewar mota. Hujjar ba ta banza ba ce, duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san haka. Amma lissafa: a kan lita ta naira 900, kashi 5 naira 45 ne. Mai A Daidaita Sahu da ke sha lita 10 a rana zai ƙara naira 450 kullum, kuma daga aljihun fasinja zai fitar. A ganina wanda aka cire masa tallafi aka ce za a yi masa tituna da kuɗin, bai kamata a sake zuwa masa da ƙoƙon bara don titunan nan ba.

An kuma amince da harajin kashi 15 a kan fetur da dizal da ake shigowa da su daga waje a Oktoban 2025, da nufin kare matatun cikin gida, sai aka dakatar da shi a watan Nuwamba bayan ƙorafi. Kare matatun gida abu ne mai kyau. Haɗarin shi ne idan aka toshe mai shigowa da kaya alhali mai tacewa babba guda ɗaya ne, babu wanda zai ja da shi a farashi.

Ga matatar Ɗangote tana aiki, me ya hana mai ya yi arha?

Matatar da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da dizal a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba. Ta rage dogon layi, ta rage neman dala don shigo da mai, kuma gasar da ta shiga da NNPC da masu shigo da kaya ta sa farashi ya sauko sau da dama a 2025. Amma ɗanyen man da take tacewa saye take yi a farashin duniya. Shirin sayar mata da shi da naira da aka fara a Oktoban 2024 ya sauƙaƙa hanyar biya ne kawai, lissafin yana nan a kan dala. Wani ɓangare ma daga waje take sayowa, har daga Amurka. Abin da tace mai a gida ke cirewa shi ne kuɗin jirgin ruwa da inshora da ribar 'yan tsakiya.

Me ya sa ya fi tsada a Arewa?

Nisa. A da akwai asusun daidaita farashi na PEF, da aka kafa a 1975, wanda ke biyan dillalai kuɗin dako don a sayar da lita kusan farashi ɗaya daga Legas har Maiduguri. Da aka saki farashi, dakon ya dawo kan mai saye. Tankar da ta taso daga Legas sai ta ci kusan kilomita 1,000 kafin ta iso Kano, ta fi haka nesa ba kusa ba zuwa Yola ko Maiduguri.

Abin takaici shi ne ƙasar nan ta taɓa gina maganin wannan matsala. Akwai matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, mai ganga 110,000 a rana, akwai bututun da ke kai mai manyan rumbunan ajiya a Kano, Gusau, Jos, Gombe, Yola da Maiduguri. Fasa bututu da rashin kulawa suka kashe tsarin, aka koma tanka. A kan hanya kuma ga shingaye, ga 'yan karɓar kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma da na ƙungiya, da rasit da babu rasit. Idan ana neman harajin da ke ƙara wa mutumin Arewa tsadar mai da abinci, ga shi nan a kan titi, kuma gwamnoni na da ikon kawar da mafi yawansa.

To a dawo da tallafi kawai mana?

Na fahimci mai faɗin haka, domin arhar mai ita ce kaɗai ribar da talaka ya taɓa gani da idonsa daga arzikin man ƙasarsa. Shi ya sa da Shugaba Jonathan ya tayar da lita daga naira 65 zuwa 141 a Janairun 2012 aka fito tituna har sai da ya sauko da ita 97. Amma tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, da bashi ake cike giɓin, kuma wani kaso mai yawa na man yana tsallaka iyaka zuwa Nijar, Benin, Kamaru da Chadi ta hanyar fasa-ƙwauri. Komawa wannan tsarin a canjin dala na yanzu zai ci ninkin wancan.

Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce ina kuɗin suka tafi. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun 2023. Mutumin Katsina ko Bauci yana da haƙƙin ya tambayi gwamnansa motocin haya nawa aka saya, asibiti nawa aka sa wa sola, malamai nawa aka ɗauka.

Me ya fi dacewa a matsa wa gwamnati a kai?

Na farko, kada a kunna harajin kashi 5 ɗin nan muddin albashi bai kamo farashi ba, kuma kada a mayar da VAT kan dizal. Na biyu, hukumar NMDPRA ta riƙa wallafa yadda ake haɗa farashin lita dalla-dalla, kowa ya ga nawa ne na ɗanyen mai, nawa ne dako, nawa ne na hukuma, nawa ne riba. Hakan zai nuna dalilin da ya sa ƙari ke isa gidan mai a rana ɗaya, ragi kuma ya yi mako yana tafe.

Sauƙi mai ɗorewa ga Arewa yana wajen iskar gas da rana. CNG ya fi fetur arha sosai, amma sauya injin mota ba shi da amfani idan babu tashar da za a sha a kusa, kuma tashoshin sun fi yawa a Legas da Abuja da wasu jihohin Kudu. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa tun 2020, kuma shi ne zai kawo gas ɗin kusa da masana'antun Sharaɗa da Bompai da masu A Daidaita Sahu. Manoman rani a Kura da Haɗejiya da Bakolori da dama sun riga sun fara komawa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana da kuɗin aljihunsu. Idan gwamnati na neman harajin da za ta yafe ya isa gona kai tsaye, ta yafe kuɗin kwastan a kan waɗannan injinan da batura da kayan haɗinsu, ta kuma samar wa ƙungiyoyin manoma rancen saye mai sauƙin biya.