Jinin wa, kuma ikon wa? Tambayoyi kan al'ummomin asali da rumbunan ƙwayoyin halitta

Mene ne rumbun ƙwayoyin halitta, kuma su wa ake magana a kansu?

Wuri ne da ake adana jini, yawu ko ɗan yankin tsokar mutane cikin na'urorin sanyi, haɗe da bayanan lafiyarsu, domin masu bincike su riƙa ɗiba suna nazari shekara da shekaru. Abin da ake nema a ciki shi ne DNA, gadon da ɗa ke ɗaukowa daga uwa da uba. Al'ummomin asali kuwa su ne waɗanda baƙi suka tarar a ƙasarsu, suka mamaye su har suka koma tsiraru: Navajo da Havasupai a Amurka, Mawori a New Zealand, Aborijin a Ostireliya, San a kudancin Afirka, Yanomami a dajin Amazon.

Me ya sa da an taɓo wannan batu sai a ambaci Havasupai?

Saboda abin da ya same su ya tattara kusan duk ƙorafe-ƙorafen wuri guda. Ƙabila ce ta mutum ɗari shida da 'yan kai, mazauna can ƙasan kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, inda mota ba ta zuwa, sai a ƙafa, ko kan alfadari, ko jirgi mai saukar ungulu. Ciwon suga ya addabe su, su da kansu suka nemi taimako. Daga 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jininsu, mutanen kuma suka miƙa hannu da fahimtar cewa ciwon suga za a duba.

Ba a gano abin da ake nema ba game da sugan. Amma jinin bai zauna haka nan ba. An yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali, da auren zumunci a tsakaninsu, da kuma asalinsu, inda aka danganta kakanninsu da ƙaura daga Asiya, alhali tarihinsu na baka ya ce a cikin kwazazzabon aka halicce su. Ba wanda ya gaya musu. Sai a 2003 wata 'yar ƙabilar, Carletta Tilousi, ta halarci gabatar da wani binciken digirin digirgir a jami'ar, ta ji ana bayani kan jinin mutanenta. Aka je kotu a 2004. A 2010 aka sasanta: dala 700,000 ga mutum 41, da mayar musu da ragowar jinin.

To ai an ce sun sa hannu a takarda. Ina laifin?

Nan ne gizo ke saƙar. Takardar ta yi magana a dunƙule kan binciken cututtuka da matsalolin ɗabi'a, masu binciken kuma suka ce wannan ya ba su dama. Mutanen suka ce abin da aka faɗa musu da baki daban ne. Da yake sasantawa aka yi, kotu ba ta yanke hukunci kan wannan gaɓa ba.

A ganina hujjarsu mafi ƙarfi ba ta takarda ba ce. Jinin mutum ɗaya ba labarinsa kaɗai yake bayarwa ba, har da na iyaye da 'ya'ya da dangi. Idan al'umma ba ta kai mutum dubu ba, aka buga cewa suna da yawan auren zumunci ko ana zargin taɓin hankali a jininsu, tabon ya shafi har wanda bai taɓa ganin allurar ba. Sakamako kan asali kuma yana iya zama makami a rigimar mallakar ƙasa. Shi ya sa suke cewa sa hannun mutum bai wadatar ba, sai majalisar al'umma ita ma ta yarda.

Me ya sa suke nacewa a dawo da jinin, bayan ya shekara a firji?

A wurin da yawansu jini wani ɓangare ne na mutum, ba ya rabuwa da shi ko ya mutu. Yanomami sun yi shekaru suna neman jinin da masu bincike daga Amurka suka ɗiba tun shekarun 1960. A 2015 aka mayar da kwalabe fiye da 2,000 Brazil, suka yi musu jana'iza bisa al'adarsu. Nuu-chah-nulth na Kanada su ma sun ba da jinin mutum sama da 800 a shekarun 1980 don binciken ciwon gaɓoɓi, mai binciken ya yi ta yawo da shi har Oxford yana nazarin asali, sai 2004 aka dawo da shi.

Ashe ba ƙin kimiyya ba ne kawai?

A'a, kuma sun san abin da ƙauracewa ke ja musu. Wani nazari a 2016 ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da ke cikin manyan binciken ƙwayoyin halitta masu tsatson Turai ne, al'ummomin asali kuwa ba su kai kashi ɗaya ba. Gwaji ko maganin da aka auna da jikin wasu ba lallai ya dace da naka ba. A 2014 an gano wani sauyin ƙwayar halitta a Inuit na Greenland da ke ƙara haɗarin ciwon suga sosai, wanda da wuya a same shi a Turawa. Irin wannan ilimin suna so. Navajo, da suka dakatar da binciken ƙwayoyin halitta a ƙasarsu tun 2002, sun daɗe suna tattauna sharuɗɗan da za su sa a buɗe ƙofar.

Wane tsari suka kawo?

Sun nemi maƙullin rumbun ya dawo hannunsu. A 2017 San na Afirka ta Kudu suka fitar da nasu ƙa'idojin bincike, bayan wata maƙala ta 2010 kan DNA ɗin wasu dattawan San da na Desmond Tutu, fitaccen limamin coci na Afirka ta Kudu, wadda shugabanninsu suka ce ba a tuntuɓe su ba, kuma an kira su da sunaye na raini. Yanzu mai bincike sai ya gabatar da buƙatarsa ga majalisarsu, ya faɗi me al'umma za ta samu. A Amurka, masana 'yan asali sun kafa Native BioData Consortium a 2018, rumbun kuma yana kan ƙasar Cheyenne River Sioux a Dakota ta Kudu, ƙarƙashin dokar ƙabilar. A Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya, tsofaffin samfura kimanin 7,000 suna hannun wata hukuma da 'yan asali ke da rinjaye a cikinta. Ana komawa ga iyalai a tambaye su: a ajiye, a lalata, ko a mayar gida?

Ina ruwan Bahaushe da wannan?

Hausawa ba tsiraru ba ne a irin wancan matsayi, amma rumbunan sun iso. Shirin H3Africa, na binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka, ya kafa manyan ma'ajiyai uku, a Uganda da Afirka ta Kudu da Abuja. Kano kuma ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan bincike idan yarda ta zama abin jayayya: gwajin maganin Trovan da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Wancan gwajin magani ne, ba na ƙwayoyin halitta ba, amma yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su lokacin ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda aka nemi jininsa don bincike yana da haƙƙin tambaya da Hausa: me za a duba, ina za a ajiye, za a fitar da shi waje, kuma in na janye me zai faru?

Idan an mayar da jini, magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. Kwalba tana dawowa, amma DNA da aka riga aka karanta ya zama bayanai a kwamfuta, ana kwafarsa zuwa ƙasashe da dama cikin minti kaɗan. Masu ba da kuɗin bincike suna son a buɗe bayanai ga kowa, al'ummomin asali kuma suna son a nemi izininsu kan kowane sabon amfani. Ƙa'idojin CARE da gamayyar masana 'yan asali ta fitar a 2019 sun tsaya kan amfanin al'umma da ikonta a kan bayananta, sai dai shawara ce, ba doka ba, kuma jami'a ko kamfanin da ya ƙi bin su babu kotun da za ta tilasta masa.