Menene baƙar tatsuniya ta zamani?

Idan kana cikin guruf ɗin masu karanta nobel a WhatsApp ko kana yawan kallon finafinan waje, za ka ci karo da wani irin labari mai kama da tatsuniya, akwai dodo akwai daji akwai tsafi, amma ba irin wanda ake kwantar da yara da shi ba. Shi ake nufi da baƙar tatsuniya ta zamani. Tana ɗauko kayan tatsuniya ta gina labarin manya da su, kuma yawanci jarumin wani ne da jama'a suka ware, maraya ko mai wata halitta daban ko kuma dodon da kansa.

Toh duhun ba sabon abu bane. Littafin tatsuniyoyin da 'yan uwan nan Grimm suka fitar a Jamus a 1812 cike yake da jini, a labarin yarinyar takalmi wato Cinderella har yanke yatsa da diddige 'yan uwanta suka yi don ƙafarsu ta shiga, daga baya ne masu katun suka wanke shi tas. Mu ma namu haka suke, wanda ya taso a Gombe ya zauna gaban kaka a tsakar gida bayan isha'i ya san dodo mai haɗiye gari guda, ya san 'yar bora da ake aika ta rafi mai nisa da wanke-wanke don kawai ta halaka a hanya.

Inda suka rabu shine ƙarshe. A tatsuniyar kaka 'yar bora tana haƙuri tana ladabi, sai ta dawo da dukiya ta auri ɗan sarki, 'yar mowa ta sha kunya, ƙurunƙus. Kenan garin bai da laifi, kishiya ce kawai muguwa. Ta zamani kuma garin ne gaba ɗaya take tuhuma, maƙwabta da dangi da masu gaisawa da fara'a, kuma ba dole wanda aka ware ɗin ya samu sakayya ba. Fim ɗin Edward Scissorhands na 1990 misali ne mai kyau, wani saurayi ne da aka ƙera aka bar shi da almakashi a madadin hannu, 'yan unguwa suka rungume shi lokacin da yake musu aski yana gyara musu shuke-shuke kyauta, ana yi masa sharri ɗaya kuwa suka taso masa har sai da ya koma gidan da ya fito shi kaɗai.

Ni wallahi wannan ɓangaren ne yake taɓa ni, don mun san irin mutanen nan. Zabiya da yara ke bi da waƙa a hanyar makaranta, agola da ake zuba wa abinci a kwano daban, yarinya mai farfaɗiya da in ta faɗi kowa ya ja baya wai kar yawunta ya taɓa shi alhali ciwon ba ya yaɗuwa ta haka, sai tsohuwar da ta rasa 'ya'ya aka fara raɗe-raɗin mayya ce har a daina sayen ƙosanta. Duk waɗannan jarumai ne na irin wannan labarin in an samu mai rubutawa.

Kar a haɗa ta da labarin ban tsoro zalla. Nobel ɗin aljanu da ake turawa a guruf yawanci burinsa tsigar jikinka ta tashi, aljani mugu ne, a kira malam a yi ruƙiyya a rufe littafi. Baƙar tatsuniya za ta tsorata ka ita ma amma sai ka tsinci kanka kana tausayin abin da kake tsoro, kana jin haushin masu jifansa. Shi yasa nake so marubutanmu na Gombe da Bauchi su gwada ba wa dodo baki ya faɗi nasa ɓangaren, ko su bi 'yar bora gidan sarkin su gani ko matan fada sun karɓe ta.