Littattafan ilmi na yara

Littattafan ilmi na yara su ne waɗanda ake rubuta wa ƙananan ɗalibai a kan abubuwa na zahiri, kamar dabbobi, tsirrai, taurari da tarihi, saɓanin tatsuniya da ƙagaggen labari.

Asali

Masana tarihin ilmi kan fara lissafi daga littafin Orbis Sensualium Pictus na Comenius, wani masanin ilmi ɗan ƙasar Czech, wanda aka buga a birnin Nuremberg na Jamus a 1658 cikin Latin da Jamusanci. Littafin yana da babi wajen 150, kowanne da hotonsa, kuma an sa wa abubuwan da ke cikin hoton lamba wadda ta yi daidai da ta sunayensu a rubuce, ta yadda yaro zai ɗora yatsa a kan abu ya lalubo kalmarsa da kansa. Shekara guda bayan fitarsa aka fassara shi zuwa Ingilishi.

A ƙasar Hausa

Hukumar Fassara, wadda aka kafa wajajen 1929 kuma daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wani Bature jami'in ilmi, ta samar wa makarantun boko irin waɗannan littattafai da Hausa. Daga cikinsu akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu da suka fito a farkon shekarun 1930, waɗanda aka fassaro daga rubuce-rubucen Larabci, ciki har da tarihin sarakunan Kano. Wanda ya fi cancantar a tuna shi ne Ikon Allah na East da Abubakar Imam, domin ya bayyana halittu iri-iri da Hausar da yaro zai gane, kuma sunansa kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin iyayen da ke ɗari-ɗari da boko. Kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga shi.

Amfani a aji

Malami kan tambayi yara abin da suka riga suka sani, ya karanta musu a bayyane yana nuna hoto, sa'an nan ya rubuta sababbin kalmomi a allo. Inda littafi ɗaya ne tak ga aji guda, yara kan kwafi hoton cikin littafinsu na rubutu.

Harshen koyarwa

Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi harshen uwa a azuzuwan farko na firamare. An yi ta saɓani a kan aiwatar da wannan tanadi.